Goɗiyata da Tsofaffi Biyu Masu Gaba

Shekarar da na ajiye alli, bayan na tsufa ina koyar da ƴaƴan mutane a lakwal, na koma noman gonar gadonmu da ke hanyar Korgom. Daga gidana na Tasawa zuwa can rairayi ne zalla. Rabin hanya moto ke ɗauke da ni, rabi ni ke tura shi, ga isansi, man da yake sha, kullum sai ƙara tsada yake. Wata rana na ce wa mai ɗakina doki zan saya.

Tana tankaɗe, ko kai ba ta ɗago ba. "Mushe, yaushe rabonka da hawan ko da jaki?"

Mushe take ce mani, yadda duk garin ke kiran malamin lakwal. Na ce mata hawan doki a jininmu yake, kakana har ya mutu ba ya zuwa kasuwa da ƙafa.

"Kakanka ne ya hau," in ji ta, ta ci gaba da tankaɗenta.

Ran kasuwa na sayo goɗiya, ja mai baƙar geza da ɗan fari a goshi. Dillalin ya rantse mani cewa ko mai tsohon ciki ce ta hau ta, sai barci ya kwashe ta. Washegari da hantsi na ɗaura mata sirdi, na cusa mata linzami da ƙyar tana ta kaɗa kai, na jawo ta ƙofar gida daidai inda ƴan fada ke shan shayi. Rabin ƴan fadar nan ta hannuna suka bi, yanzu duk sun zama magidanta. Na sa ƙafa a likkafa, na haye, na ɗan ja linzami don su ga takama. Abin da na iya tunawa bayan nan shi ne sararin sama, da hulata tana birgima ta nufi kwata.

Suka taso a guje. "Sannu Mushe! Sannu! Ba ka ji ciwo ba?" Ko mutum ɗaya bai yi dariya a gabana ba, tarbiyyar da na ba su ba ta tashi a banza ba. Sai da na shige zaure na ji fadar ta fashe gaba ɗaya.

Sau uku ina hawa, sau uku tana ajiye ni. A na ukun na ce ya isa, zan kai ta inda za a koya mata hankali.

A Korgom akwai wani tsoho mai horon dawaki, wanda duk dokin da ya gagari mai shi wurinshi ake kai wa. Gajere ne kakkaura, ƙafafunshi sun gwame saboda zaman sirdi, muryarshi kuwa in ya yi sallama a wannan unguwa sai a amsa a waccan. Na je mashi da goɗiyar, da goro, da sabuwar bulala da na saya takanas.

"Baba, ga ta nan. Shaiɗaniya ce. Ga bulala ma na taho da ita."

Ya karɓi bulalar, ya juya ta, ya sosa bayanshi da ita, ya rataye ta a danga. Ya zuba wa goɗiyar harawa, ya zauna kan wani kifaffen turmi yana kallonta. Ni ina tsaye ina jiran a fara duka. Tana tauna, tana zubo da harawar dunƙule-dunƙule daga gefen baki. Can ya tashi, ya kama harshenta ya jawo shi gefe, ya zura hannu har wuyan hannun ya shige. Da ya fito da shi, yawun da jini-jini.

"Wanga ba aikina ba ne," in ji shi. "Haƙoranta na ciki sun yi tsini, suna yanka mata kumatu. Ka aza mata ƙarfe bisa miki, ka kuma ja. Da ni ne ita, ba kayar da kai kaɗai zan yi ba, har takawa. Maida ta Tasawa, wurin Madam ta gidan likitan dabbobi."

"Haba Baba! Daga Tasawar na hito. Na wuce ƙofarta na zo wurinka."

"To ka yi asarar takalmi."

Na ce ai an ce babu dokin da ya taɓa gagarar shi. Ya ce gaskiya aka faɗa mani, amma wannan ba gagara ba ce, ciwo ne. "Dā ƙarfe muke sa wa a wuta mu ƙona dasashi. Ni ma na yi, Allah shi yafe mani. Ran da na ga yarinyar nan ta gyara bakin doki da magagari kafin shayi ya tafasa, ban ƙara ba. Mi zai sa doki ya sha wuya don kada a ce ban iya ba? Kada ka je Lahadi, tana majami'a."

Litinin na kai ta. Madam ɗin mace ce ƙosasshiya, da takalman roba har gwiwa. Tana ganina ta tafa hannu.

"Mushe! Ba ka gane ni ba?"

Sai da ta yi dariya na gane ta. Ɗiyar wani kafinta ce daga cikin Kiristocin garinmu, wadda na koyar a ajin ƙarshe. Babu ɗalibar da na sa durƙuso saboda surutu kamarta. Ta gaishe ni da ladabi har da rusunawa, ta tambayi iyali, sannan ta sa wa goɗiyar wani ƙarfe mai buɗe baki, ta miƙo mani ragama.

"Riƙe nan, Mushe. Hannu biyu. Kada ka motsa."

Na fara ba ta labarin yadda abin ya faro.

"Silans, Mushe," in ji ta, ba tare da ta dube ni ba. "Ban son surutu in ina aiki."

Na ga tana danne dariya. Shekara da shekaru yarinyar nan ta yi tana jiran wannan rana, ni kuwa da ƙafata na kai mata kaina. Ta goge tsinin haƙoran tas, ta shafa magani, ta ce jiƙaƙƙiyar dusa kawai, kuma kada ƙarfe ya shiga bakin nan sai ya warke. Na tambaye ta ko akwai allurar da za ta gyara halin.

"Ni baki na iya. Hali na Baba ne, ka mayar mashi."

Da bakin ya warke na mayar da ita Korgom, na dawo gida ina shirin takama. Bayan kwana goma tsohon ya aiko in zo. Na same shi kan turminshi, fuska a murtuke kamar an yi mashi sata.

"Tsaya ka gani," in ji shi. Ya matsa kusa da goɗiyar ta hagunta, ya ɗaga hannu kamar zai gyara hula. Ta yi baya da ƙarfi har igiya ta miƙe, jikinta duka yana ɓari.

"Baki ya warke. Amma wanda ya riƙe ta kafin kai, tana kaɗa kai don ciwo, shi kuma yana dukanta a ka. Tsoro ne ya zauna mata. Ni ingarma mai taurin kai na iya. Wagga, muryata kaɗai na sa ta fitsari. Na gwada yi mata magana a hankali, na kasa, tun da uwata ta haife ni ban taɓa raɗa ba. In ta ƙara wata guda a nan zan iya karya ta, ta ɗauke ka har gona. Amma dokin da aka karya da tsoro, jaki ya fi shi daɗin rai."

 Ya tofar da tukar goro can nesa.

"Akwai mutum guda."

"Wa ke nan, Baba?"

"Wani... can wajen Mayahi."

Dattawan da ke zaune kan tabarma suka dubi juna. Ni ma na san zancen, don babu mai sha'awar doki a ƙasarmu da bai san shi ba. Shi da na Mayahin a hannun maigida ɗaya suka koyi sana'a. Suna samari aka yi wata sukuwa bayan girbi, suka iso gindin itacen da aka yi iyaka da shi kusan tare. Wannan ya ce hancin dokinshi ne ya fara kaiwa, wancan ya ce nashi ne. Alƙalan sukuwar duk sun mutu, dawakin sun mutu, itacen ma an sare shi, amma su ko gaisuwa ba sa yi. In zaman makoki ya haɗa su, ɗaya gabas ɗaya yamma.

"Ga saƙona," in ji tsohon. "Ka ce mashi in ji ni, ga matsoraciya nan na aiko wa matsoraci. Ya je ya yi mata raɗe-raɗen nan nashi irin na tsohuwa mai gulma. Ka ce ina fatan ƙafafunshi na zalɓe ba su karye ba tukuna. Kai malami ne, kada ka rage ko wasali."

Kwana biyu na yi a hanya, bisa amalanken wani mai albasa, goɗiyar tana ɗaure a baya tana bin mu. Duk ƙauyen da muka ratsa sai an tambaye ni ƙaƙa mai doki ke zaune kan buhu. Ina ce masu ita ma ta ajiye aiki.

Da hantsi muka isa. Na sami mutumin a gindin gawo yana tufkar igiya. Dogo ne siriri, in yana magana sai ka matso da kunne. Ya daɗe yana kallon goɗiyar kafin ya tuna da ni.

"Wa ya aiko ka?"

Na dubi ƙafafunshi. Wallahi na zalɓe ne. Na ji ba zan iya tsayawa a ƙofar dattijo in zage shi ba, alhali taimakonshi na zo nema. Ga shi kuma na yi shekaru ina koya wa yara rubuta wasiƙa mai ladabi. Na gyara murya.

"Ɗan'uwanka na Korgom yana gaishe ka, gaisuwa mai yawa. Ya ce duk ƙasar nan babu mai hannu irin naka. Ya ce shi kam ya kasa, kai ne gaba da shi."

Hannunshi ya tsaya da tufka. Ganin maganar ta shiga, sai na ƙara mata gishiri. "Ya ce ma sukuwar nan ta dā, da ya zauna ya sake tunani..." Na bar ta a nan.

Igiyar ta faɗi daga hannunshi.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Tun yaushe yake kwance?"

A nan ya kamata in faɗi gaskiya. Har na buɗe baki. Sai wani abu ya ce mani, tsaya ka ga inda za ta kai.

"To, ka san jikin tsufa," na ce. Wannan ai ba ƙarya ba ce.

"Yana cin abinci?"

"Ran da na baro shi dai ban ga ya ci ba." Wannan ma gaskiya ce, don da sassafe na taso.

Ya miƙe tsaye. Ya kira matarshi ya ce a ɗaure goɗiyar a inuwa, kada kowa ya ɗaga hannu kusa da ita. Ya aika a kira kabu-kabu. Na fara jin tsoro, na ce ko mu nemi lambar wani a Korgom a fara ji ta waya.

"Ba a neman gafara ta waya," in ji shi.

Ya shiga ɗaki ya fito da farin ƙyalle a naɗe, wanda ya ajiye wa kanshi don ranar tashi tafiya. Mu uku muka hau moto ɗaya, shi a tsakiya, gwiwoyinshi sun kusa kai kunnen direba. Duk hanya yana salati a hankali, lokaci-lokaci yana share ido da hannun riga. Ni a baya ina riƙe da ƙugunshi, ina ta shirya yadda zan warware zancen, in na ce a ƙauye na gaba, sai mu wuce in ce na gaba.

Da la'asar sakaliya muka shiga Korgom. Tun daga bakin rijiya muka fara jin muryar majinyacin yana yi wa wani mai doki faɗa. Muka same shi kan turminshi, da ƙwaryar fura a cinya, ludayi a hannu. Ya ɗago ya ga dogon a tsaye da farin ƙyalle a hammata.

"Kai! Wa ya mutu?"

"Kai," in ji dogon.

"Ni?"

"An ce mani ka ce na fi ka."

Fura ta sarƙe tsohon. Sai da aka bubbuga mashi baya. Da ya dawo hayyacinshi, idanu huɗu suka juyo kaina. Na waiga neman kabu-kabu, ashe ya tafi shan isansi.

"Mushe, matso nan. Maimaita saƙona."

Na tsaya gabansu, hannu a baya kamar ɗan aji ɗaya, na karanto shi daga farko har ƙarshe, matsoraci, tsohuwa mai gulma, ƙafafun zalɓe, ban rage ko wasali ba. Ina faɗa, fuskar dogon tana sakewa. Da na kai aya ya yi doguwar ajiyar zuciya.

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "Lafiyarshi lau." Sannan ya dubi tsohon, ya ce a hankali, "Guntun turmi."

"Wancan ƙyallen hwa?" in ji tsohon.

"Likkafaninka ne."

"Kawo, tunda ka taho da shi." Ya warware shi ya gwada a jikinshi. "Dubi, da tsawonka aka yanka. Mutum biyu irina za su shiga." Amma bai mayar ba. Daga baya na gan shi da shi an ɗinka riga, har da aljihu.

Suka ɗan taɓa zancen sukuwar, ɗaya yana tsawa ɗaya yana raɗa, dattawan unguwa suna ta taruwa ana matsa wa juna wuri. Can dogon ya katse.

"Ta hagu take tsoro ko ta dama?"

"Hagu," in ji tsohon nan take. "Ko inuwar hannu ta gani."

"Ka gwada rufe mata ido?"

"Na gwada. Ya ƙara lalacewa."

"Ai dole."

Dogon ya zauna a ƙarshen tabarma, tsohon ya jawo turminshi kusa kaɗan. Har aka kira magariba zancen goɗiyata suke yi, mi take ci, ƙaƙa take kwanciya, mi Madam ta ce. Babu wanda ya gaida wani. Ni kuwa ko ruwa ba a ce in sha ba.

Hukuncina tare suka yanke shi. Dogon ya ce zai karɓi goɗiyar, amma sai mai ita ya zauna. "Ba da ni za ta rayu ba. In ni ta yarda da ni, ranar da ka zo ɗaukarta aikin ya koma farko."

"Kuma a hana shi magana," in ji tsohon.

"Dama."

Mako uku na yi a ƙauyen nan na wajen Mayahi. Kullum da safe dogon zai shigar da ni garken da goɗiyar take a sake, ya zaunar da ni a ƙasa na ba ta baya, ya sa mani ɗan gutsuren kanwa a aljihu, ya ba ni kaba in yi tufka. Ba magana, ba waige. Ni, mutumin da ya ci abinci da bakinshi tsawon rayuwa! Kwanakin farko tana can ƙarshen danga tana hura hanci. Igiyar da na tufka ko ɗan akuya ba za ta riƙe ba, matar gidan tana karɓa da godiya tana hura wuta da ita.

Ran nan ina zaune, ƙafata ta yi sanyi, sai na ji numfashi mai ɗumi a ƙeyata. Ta shinshina wuyana, ta shinshina kafaɗata, ta gangara aljihu. Na ji kamar in yi ihu in kira gari. Dogon yana bayan danga, ya aza yatsa a leɓe. Haka na zauna kamar gunki har ta cinye kanwar, ta kusa haɗawa da aljihun.

Daga nan abin ya riƙa tafiya kaɗan-kaɗan. In ɗaga hannu sannu a hankali in sauke. In taɓa wuyanta in janye. Aka aza mata buhu, aka cire, aka sake azawa. Ran da aka kawo sirdina, dogon ya shafa ƙarƙashinshi ya girgiza kai, ya ce yana danne mata ƙashin baya, kuma shi ba baduku ba ne. Ya tura ni kasuwar Mayahi wurin wani mai aikin fata, ya sake mashi ciko. Ranar da na fara hawa babu linzami, ragama ce kawai. Ta tsaya cik, ta waigo ta dubi ƙafata, sannan ta fara tafiya kamar mai ɗauke da tulu.

A kanta na koma Tasawa. Na bi ta gaban fada a hankali, na ɗaga masu hannu, na dama. Mai ɗakina ta saurare ni kwana biyu, sannan ta ce, "Doki ya gyaru, kai ma ka rage surutu. Da na san da wurin nan, da tuni na kai ka."

Damina biyu da suka wuce tsohon Korgom ya rasu, rasuwar gaske. Cikin wasiyyarshi ya ce wani baƙin ingarma da yake da shi a turke, mai cizo, a kai wa na Mayahi. Ƴaƴanshi suka tambaye shi dalili, ya ce don ya cije shi.

Ya kuwa cije shi, sau biyu, ɗaya a dantse ɗaya a kafaɗa. Wata guda dogon ya yi yana yi wa dokin raɗa, dokin yana kallonshi kamar nama. Daga ƙarshe ya kifa mashi kwando a baki, ya jawo shi da ƙafa zai kai shi Kona, wurin wani magidanci da ya koyi horo a hannun marigayin. A Tasawa ya yada zango gidana, hannu a naɗe da tsumma. Washegari na raka shi bisa goɗiyata, muna ba ingarman tazara.

Ba mu kai ga shiga Kona ba muka ji wani yana daka wa doki tsawa daga can tsakiyar gari, har kaji suna watsewa. Ingarman ya tsaya, ya miƙe kunnuwa. Dogon ya saurara, ya gyaɗa kai.

"Ba sai mun tambayi gidan ba," in ji shi. "Mu bi muryar."